Mota madubi ce: abin da ke gyara hotonta da abin da ke ɓata shi

Ka buɗe shafin dillalin motoci a Facebook ko ka leƙa sitatus ɗinsa na WhatsApp, da wuya ka rasa irin wannan hoton: baƙar Camry an wanke ta tas, an shafa wa tayoyi mai, tana tsaye tsakanin wasu motoci biyu, an ɗauke ta da misalin ƙarfe ɗaya na rana. A jikin ƙofarta ga farar Hilux ɗin da ke gefe ta fito a lanƙwashe. A kan bonet rana ta yi wani farin tabo mai kashe ido. Gilashin gaba ya yi fari fat, ko sitiyari ba a gani, ƙarƙashinta kuma baƙi ƙirin har ba a bambance taya da inuwa. Idan ka ƙura wa bamba ido za ka ga shi kansa mai hoton da farar jallabiyarsa ya ɗaga waya. Motar lafiyarta ƙalau, hoton ne ya zubar mata da daraja, kuma wayar ba ta da laifi ko kaɗan.

Fentin mota yana da wani shafi mai sheƙi da ake fesawa a ƙarshe, shi ne ke mayar da jikinta madubi mai lanƙwasa. Saboda haka duk wanda ya ɗaga kyamara zai ɗauki mota, abin da ke kewaye da ita yake ɗauka: sama, bishiya, falwaya, kwanon rumfa, mutanen da suka tsaya kallo. Baƙar mota da shuɗiya mai duhu sun fi kowace tona wannan asiri. Fara da ruwan azurfa suna da rufin asiri, shi ya sa sabon shiga ya kamata ya fara koyo da su. Wanda ya gane wannan zai daina tambayar wace kyamara zai saya, ya koma tambayar ina zai ajiye motar da kuma ƙarfe nawa.

Wuri ya fi komai. Ana son fili wanda gefen motar da za a ɗauka zai fuskanci sarari, babu gini ko bishiya kusa, kamar taku talatin ko fiye. A irin wannan wuri abin da zai fito a jikin ƙofa shi ne layi ɗaya miƙaƙƙe inda sama ta haɗu da ƙasa, haske a samansa, duhu a ƙasansa. Wannan layin ne ke nuna ƙirar mota, shi ne kake gani a hotunan talla yana tafiya daga fitilar gaba har ta baya ba tare da ya karye ba. Ƙarƙashin darbejiya akwai daɗin tsayuwa, amma wuri ne mafi muni ga mota, don hasken da ke ratsowa ta ganye yana zuba dabbare-dabbare a kan rufi da bonet kamar fentin ya kwaile. Ciyawa tana haɗiye ƙasan taya, motar ta zama kamar ta nutse. Kwalta mai tsabta, ko dandamalin siminti, ko ƙasa mai tauri da aka share, su ne daidai. Abin da ke bayan motar kuma a duba shi kafin a duba motar: doguwar katanga mai launi ɗaya, ko fili, ko ganuwa daga nesa. Falwayar da ta tsiro daga rufin mota, da janareto, da bokitin mai wanki, da kwata, duk taku biyu zuwa dama ko hagu na iya fitar da su, amma bayan an ɗauka sai an sha wahala.

Lokaci kuma a nan ƙasarmu gajere ne. Kano tana kusan daraja 12 ne arewa da tsakiyar duniya, rana tana tashi kusan a miƙe, tana hawa kamar daraja 15 a kowace awa. Kafin takwas da rabi ta riga ta yi sama ta fara duka. Hasken da ake so yana farawa ne kamar minti ashirin kafin fitowar rana, ya ƙare minti arba'in bayan ta fito, sai kuma na yamma daga wajen biyar da rabi zuwa jim kaɗan bayan ta faɗi. Ga baƙar mota babu kamar lokacin da rana ba ta sama amma gari na da haske, domin a lokacin sararin samaniya gaba ɗaya ya zama fitila guda mai laushi, babu wani tabo mai zafi da zai faɗo kan fenti. Na yamma yana cin karo da sallar Magariba, don haka a ganina na safe ya fi: a idar da Asuba, a fitar da motar da aka wanke tun daren jiya, a isa wurin kafin gari ya gama wayewa. Hanya babu kowa, ƙura ba ta tashi ba, 'yan kallo ba su taru ba balle su fito a jikin ƙofa.

Hazon hunturu yana da amfani da illa. Yana tace rana, inuwa ta yi laushi, har ƙarfe tara ko goma ana iya aiki. Sai dai sama takan zama fara ba armashi, launi ya dushe ya koma ruwan ƙasa, ƙura kuma ta sauka a kan baƙin fenti cikin 'yan mintuna. A rage yawan sama a cikin hoton, a riƙe tsumma mai laushi mai ɗan danshi, kada a goge busasshiyar ƙura da busasshen tsumma, yana barin zane-zanen da rana ke nunawa kamar saƙar gizo. Da damina kuwa, awa ɗaya bayan an ɗauke ruwa, kwalta na sheƙi, gajimare bai watse ba, iska ta wanke: mai hoton mota ba ya samun abin da ya fi wannan a shekara.

Sai inda mai hoto zai tsaya, kuma a nan mafi yawan hotuna ke lalacewa. Babban idon kyamarar waya, wato gilashin da ke ɗaukar hoto, mai faɗi ne, daidai da milimita 24 zuwa 26 (ƙaramin adadi yana ɗauko faɗi, babba yana jawo abu kusa). Kafin mota ta cika hoto da shi sai ka matso kamar mita biyu da rabi. Lissafa: fitilar gaba tana mita biyu da rabi daga gare ka, ta baya tana wajen mita shida da rabi. Ke nan gaban motar zai fito ya ninka bayanta fiye da sau biyu, hanci ya kumbura, but ya tsuke, tayar gaba ta zama ƙwai. Ka ja da baya mita goma sha biyu, bambancin ya koma sha biyu da sha shida, motar ta dawo siffar da ido ya san ta da ita. Maganin ke nan: ka danna 2x ka ja baya kamar taku goma, ko 3x ka ja taku goma sha biyar. Idan wayarka ba ta da ido na biyu, har yanzu gara ka ja baya ka yanke hoton daga baya, ɗan raguwar kaifi ya fi gurɓacewar siffa sauƙi. Mai babbar kyamara ya yi aiki tsakanin milimita 85 da 135. Kada ya ruɗu da buɗe ƙofar haske har ƙarshe don bayan mota ya narke: milimita 85 a f/1.8 (gwargwadon ƙanƙantar adadin f, gwargwadon buɗewar ƙofar) daga mita goma sha biyu, zurfin abin da zai fito da kaifi bai wuce mita biyu da 'yan kai ba, mota kuwa irin Corolla ta haura mita huɗu da rabi. Fitilar gaba za ta fito rangaɗau, tayar baya ta yi dishi-dishi. Daga f/5.6 zuwa f/8, a sa fokas a kan fitilar da ta fi kusa.

Tsayin kyamara daga ƙasa shi ma magana ce. Mutum a tsaye yana kallon ƙaramar mota daga sama, rufi ya yi faɗi, motar ta zama kamar abin wasan yara. Ka durƙusa har kyamara ta zo tsakanin tsayin fitila da madubin gefe, wato santimita 70 zuwa mita ɗaya. Wasu suna wuce gona da iri su kwanta a ƙasa, sai bonet ya ɓace, bamba ta cika hoto. Jif da Hilux suna son daidai ƙirji. Kusurwar da aka fi amfani da ita ita ce wadda ke nuna gaba da gefe tare, gefen ya ɗauki kashi biyu cikin uku. Ka ɗan matsa har sai ka ga tayoyin ɗaya ɓangaren sun leƙo ta ƙarƙashi, haske na ratsawa tsakaninsu, hakan ne ke sa mota ta zauna daram a ƙasa. Tayar gaba kuma a juya ta yadda fuskar wili za ta kalli kyamara: idan kana tsaye ta gaba a ɓangaren direba, a murɗa sitiyari dama kamar rabin zagaye zuwa zagaye ɗaya. Idan aka murɗa hagu, baƙar roba ce kawai za ta kalle ka. A ɗaga gilasai duka, a miƙe madubai, a mayar da makarin rana sama, a cire kwalin tishu da carbi da turaren da ke rataye, a daidaita kujerun gaba su yi tsayi ɗaya. Ƙananan abubuwa ne, amma su ido ke fara kamawa.

Kyamara ba ta san launin mota ba, ƙoƙarinta kullum ta mayar da komai tsaka-tsaki. Baƙar mota ta cika mata ido sai ta ƙara haske, motar ta koma ruwan toka, sama ta ƙone. Fara kuma ta rage, ta fito da datti-datti. A babbar kyamara, a ma'aunin ƙarin haske da raginsa, a rage wa baƙa daga -0.7 zuwa -1, a ƙara wa fara kamar +0.7 ana lura kada bonet ya ƙone. A waya ka danna jikin motar ka riƙe har ya kulle, sannan ka ja alamar rana sama ko ƙasa da yatsa. Filasha kuwa a kashe ta. Abin da take yi kawai ta haska lamba da 'yan madubin bamba, ta bar ɗigon fari a ƙofa.

Kayan aiki guda ɗaya da ya cancanci kuɗinsa shi ne filtar CPL, wadda ake ɗaurawa a bakin ido ana juya ta. Tana cire ƙyallin gilashi da na fenti, a ga kujeru ta gilashin gaba, launi ya fito da zurfinsa. Akwai ta waya mai maƙalewa, har tabarau mai irin wannan gilashin idan aka kara a bakin ido aka juya yana yi. Amma a san iyakarta. Ta fi aiki idan kana kallon fuskar gilashin a karkace, kamar daraja 35, idan ka fuskance shi kai tsaye ba ta yin komai. Ba ta taɓa ƙyallin tsuran ƙarfe mai sheƙi. Tana cinye fiye da rabin hasken da ke shiga, don haka da sassafe sai an kafa kyamara a sanda mai ƙafa uku. Juyin da ke share gilashin gaba daban, wanda ke share ƙofofi daban, ba a samun duka a lokaci guda: ko ka zaɓi ɗaya, ko ka ɗauki hoto biyu ba tare da kyamara ta motsa ba ka haɗa su a kwamfuta. A gilashi mai tint kuma takan fito da tabo mai launin bakan gizo. Kuskuren da na fi jin takaicinsa shi ne a juya ta har ƙyalli ya mutu gaba ɗaya, mota ta koma kamar an ƙera ta da laka. Ƙyallin ne ke nuna lanƙwasar ƙarfe, a rage shi, kada a kashe shi.

Mota a guje wani fanni ne. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa. Idan ka ɗauke ta da shata a 1/1000 na daƙiƙa, wato ɗan lokacin da kyamara ke buɗewa ta karɓi haske, abin da ta motsa bai kai santimita biyu ba, tayoyi sun tsaya cak, kamar an faka ta a tsakiyar titi. Ana so ne a rage gudun shata a raka motar da kyamara, ita ta fito da kaifi, bayanta ya zama zare-zare, wili yana juyawa. A fara da 1/125, hannu ya saba a sauko 1/80 ko 1/60. Adaidaita sahu da babur mai tafiya a hankali suna son 1/40 ko 1/30, kuma ruwan ɗorawar adaidaita yana fitowa da kyau ƙwarai a kan bangon da ya narke. Ka tsaya mita goma sha biyar zuwa ashirin daga hanya, ƙafafunka su fuskanci inda za ka danna, ka murɗa ƙugu zuwa inda motar ke fitowa, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari. Ka ɗora alamar fokas a kan abu guda, kamar madubin gefe, ka bi shi, ka danna a jere, kuma kada ka tsaya da ka danna, ka ci gaba da rakiya har ta wuce. Mafi yawan hotunan za su lalace, haka abin yake ga kowa. Idan ka ga tsakiyar mota da kaifi amma gaba da baya sun yi dishi, ba hannunka ba ne, ka danna ne lokacin da take a karkace, ko ka matso da yawa. Da rana tsaka a ISO 100 (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske), 1/60 zai tura ka wajen f/20, inda duk ƙurar da ke cikin kyamara ke fitowa ɗigo-ɗigo a sama. Filtar ND8, wani gilashi mai duhu da ke rage haske, tana mayar da kai kusa da f/8. A zaɓi wuri nesa da shingen jami'an tsaro, da bariki, da filin jirgi, kuma kada a tsaya a bakin kwana ta waje, can mota ke zuwa idan ta ƙwace.

Da dare, wutar lantarkinmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa a ƙarƙashin wasu fitilu hoto ke fitowa da ratsi-ratsi. A ajiye shata a 1/50 ko 1/100. Fitilun LED na mota da na dashbod su ma suna ƙiftawa da saurin da ido ba ya gani, idan shata ta yi sauri sai rabin fitila ya fito a mace, a sauko 1/60 ko ƙasa. Wanda ke da sanda mai ƙafa uku da doguwar fitilar caji zai iya shafe mota da haske a wuri mai duhu: ISO 100, f/8, daƙiƙa 15 zuwa 20, a lulluɓe fitilar da farin ƙyalle, a ɗaga ta sama da rufi, a yi tafiya daga gaba zuwa baya da taku ɗaya ba tsayawa, sanye da tufafi masu duhu. Inda ka ɗan tsaya, nan farin tabo zai fito.

Manyan motoci masu bodin katako, irin tsofaffin Marsandi 911 da ake yi wa zanen zaki da dawisu da rubutu kamar "Haƙuri maganin zaman duniya", su dokarsu daban. Fentin katako ba madubi ba ne, yana ɗaukar hasken rana daga gefe, har ma yana fito da sawun buroshi. A fuskanci zanen kai tsaye, a ja baya sosai maimakon a ɗaga kyamara sama, in ba haka ba bodin zai tsuke ta sama kamar zai faɗi baya. A tasha a fara yi wa direba ko yaran mota sallama a nemi izini, galibi da murna za su goge maka rubutun, har su gaya maka wanda ya zana.

Idan aka turo maka hoton mota aka ce ka duba, tambayar farko ita ce don me aka ɗauke shi. Hoton sha'awa da hoton sayarwa ba ma'auninsu ɗaya ba. A na sha'awa ka fara da jikin ƙofa, ka karanta abin da ya fito a ciki, daga nan za ka san wurin da lokacin. Ka duba girman tayar gaba da ta baya, su za su gaya maka nisan da ya tsaya. Ka bi gefunan hoton huɗu: an yanke bamba, an matse hancin mota da bakin hoto babu filin da za ta shiga, ƙasa ta karkace? Sannan gyaran kwamfuta: farin zobe a kewayen rufi alamar an matsa wa sama lamba ne, taya mai ruwan toka alamar an buɗe inuwa fiye da kima, jan fenti da ya zama kamar jini ba lanƙwasa a cikinsa alamar an cika launi. "Masha Allah, ya yi kyau" ba ta ƙara wa mai koyo komai, "bai yi ba" kuma tana kashe masa gwiwa. Ka ce masa: falwaya ta fito daga rufi, da ka matsa taku biyu hagu ka durƙusa da katangar ta rufe ta. Gyara ɗaya ko biyu da zai iya gwadawa gobe da safe sun ishe shi.

A hoton sayarwa ma'aunin shi ne gaskiya, don mai saye a Sakkwato ko Maraɗi zai tura kafin alƙalami ne bisa abin da ya gani. Jiƙaƙƙiyar mota tana ɓoye ƙarce da fentin da rana ta cinye, don haka a bar ta ta bushe. Goge lotsawa da kwamfuta algus ne, ba gwaninta ba. A ɗauki gefe biyu a miƙe cikin inuwa, inda ƙofar da aka sake wa fenti za ta nuna bambancinta, a ɗauki duk wani tabo daga kusa da yatsa a gefensa don a san girmansa. Dashbod a ɗauke shi inji na aiki, a ga babu wutar gargaɗi da ta rage a kunne, a ga adadin tafiya, a kuma faɗa idan mil ne, kamar yadda yake a motocin Amurka, domin mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Cikin mota a ɗauke shi a inuwa daga kujerar baya, sitiyari a miƙe, a nan ne kawai ido mai faɗi ke da amfani. A gefen taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna ranar ƙira, 2319 na nufin mako na 23 a 2019, a matso a ɗauke su. Lambar bodi mai harufa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba a tura wa mai saye na gaske shi kaɗai, lambar mota kuma a rufe ta kafin a sa a intanet. Wajen turawa ta WhatsApp a danna HD, ko a aika hoton a matsayin fayil, idan ba haka ba manhajar za ta matse shi, ƙarcen da ka yi niyyar nunawa ya ɓace, lambobin taya su daina karantuwa.